Kafin ka damƙa wa agogon rediyo amanar tashinka da asuba

Agogon rediyo, wato ɗan akwatin nan mai jajayen lambobi da ake ajiyewa a gefen gado, ya nuna lokaci ya kuma tashi mai shi da ƙararrawa ko da muryar mai karanta labarai, na cikin kayan da ba a rasawa a shagunan masu sayar da kayan lantarki na hannu. Ana saye, a kai gida, a jona. Bayan kwana biyu sai ka ji an ce ba shi da kyau: yau ya yi latti, gobe ya yi sauri, jibi a farka a tarar da 12:00 tana ƙiftawa, rana kuma ta riga ta fito. Daga nan sai a jefa shi saman durowa, a koma wa waya.

A ganina ana saurin yanke masa hukunci. Na'ura ce mai amfani, kuma ta fi waya dacewa da gefen gado. Matsalar ita ce da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa ƙasar nan an ƙera su ne domin wutar wata ƙasa, mu kuma muna saye ba tare da mun duba ba. Wanda ya san inda agogon ke samo lokacinsa zai zaɓi wanda ya dace da irin wutarmu, ya kuma saita shi yadda ba zai ba shi kunya ba.

Daga ina yake samun lokaci?

Wutar lantarkin da ke shigowa gidajenmu kai-komo take yi a cikin waya. A Najeriya da Nijar da ƙasashen Turai tana yin wannan kai-komo sau 50 a kowane sakan. A Amurka da Kanada kuwa sau 60 ne. Wannan shi ne ma'anar 50Hz ko 60Hz da ake rubutawa a bayan kayan lantarki. Tun wajen shekarar 1918 wani Ba'amurke mai suna Henry Warren ya fito da agogon da ke tafiya da wannan bugun wuta, kuma har yau agogon rediyo da yawa, musamman tsofaffin ƙira, da shi suke lissafi. Agogon yana ƙirga bugun ne kawai. Idan adadin ya cika, sai ya ce sakan ɗaya ya wuce.

To a nan gizo ke saƙa. Agogon da aka ƙera domin Amurka sai ya ƙirga bugu 60 kafin ya motsa sakan guda, wutarmu kuma 50 take ba shi. Sakamakon haka yana yin baya da minti 10 a kowace awa, wato awa huɗu a kwana ɗaya. Idan ka saita shi daidai da ƙarfe 10:00 na dare, ka ce ya tashe ka 4:30 domin sahur, sai 5:48 zai yi ƙara. A Kano, ko a wane wata ake azumin, alfijir ya riga ya keto a lokacin.

Akwai kuma batun ƙarfin wutar. Kayan Amurka na aiki da 120V, tamu kuwa 230V ce, don haka jona su kai tsaye ƙonewa ne. Masu shago kan haɗa wa mai saye da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, kuma lallai tana hana ƙonewa. Amma taransifoma ba ta taɓa yawan bugun. Hamsin ta karɓa, hamsin za ta miƙa. Rediyon zai yi magana ras, lambobin za su haska, lokacin kuma zai ci gaba da yin ƙarya. Wasu samfuran na da ɗan makunni a ƙasa na zaɓar 50 ko 60, wasu kuma ƙwararren mai gyaran rediyo na iya sauya musu daga ciki. Wanda ba shi da ko ɗaya, rediyo ne kawai ka saya.

Ko na 50Hz ɗin ma sai wutar ta tsaya

Kada a ɗauka wanda aka ƙera domin Turai ya tsira. Amincinsa na rataye ne a kan amincin wutar da ake ba shi, kuma Turawa da kansu sun ɗanɗana wannan. Daga tsakiyar watan Janairun 2018 zuwa farkon Maris, agogunan da ke lissafi da wuta a ƙasashe 25 na nahiyar sun yi baya da kusan minti shida. Dalili shi ne saɓani tsakanin Kosovo da Sabiya. Kosovo na jan wutar da ta fi wadda take samarwa, ba a cike giɓin ba, sai bugun babban layin da ya haɗa ƙasashen ya sauko daga 50 zuwa kimanin 49.996. Wannan ɗan bambanci da ido ba ya gani shi ya taru ya zama minti shida. Daga baya masu kula da layin suka ɗan ƙara wa bugun sauri da gangan har agogunan suka kamo lokaci.

A nan gida, ƙa'idar babban layin wutar Najeriya ta amince bugun ya yi yawo tsakanin 49.75 da 50.25 a yanayi na yau da kullum. Idan ya wuni ya kwana a ɗaya daga cikin iyakokin nan, agogo zai kauce da fiye da minti bakwai, alhali ba a karya wata ƙa'ida ba. Idan aka koma kan janareta, abin ya fi haka. Ƙaramin janareta na gida sai injinsa ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da bugu 50, kuma da zarar an ɗora masa firji ko dutsen guga sai juyin ya sauya. Janaretan da ke ba da 49 a maimakon 50 zai ci wa agogo kusan minti goma a daren awa takwas.

Sai kuma uwa uba, ɗauke wuta. Ko masu rukunin Band A da ke biyan kuɗi mafi tsada, awa 20 aka yi musu alkawari a rana, wato akwai awa huɗu da ba a lamunce musu ba. Mutanen Arewa ba su manta da ƙarshen watan Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Agogon da ba shi da batir, ƙiftawar wuta ta sakan biyu ta isa ta goge masa lokaci da ƙararrawa baki ɗaya.

Wanda ya kamata a saya

Mafita ita ce agogon da ke da nasa ma'aunin lokaci a ciki. Irin wannan na aiki da ɗan ƙanƙanin dutsen da ake kira kwaz, wanda ke girgiza sau 32,768 a sakan, irin na agogon hannu mai batir. Ba ruwansa da halin da wutar gari ke ciki, kuma kuskurensa bai cika kai minti ɗaya a wata ba. Alamar gane shi ba ta da wuya. Idan yana aiki da batir zalla, ko da igiyar USB, ko da adaftar da aka rubuta tana karɓar 100 zuwa 240V tana fitar da DC, to ba ya samun bugun wutar gari balle ya ƙirga shi. Wannan ne zai zauna lafiya da wutar kamfani, da janareta, da sola.

A kula da batun batirin ko-ta-kwana. Tsofaffin samfura na da gurbin batir mai kusurwa huɗu na 9V a ƙasansu. Aikinsa ya riƙe lokaci idan an ɗauke wuta, amma lambobin kan mutu, lissafin kan kauce idan duhun ya daɗe, kuma da yawansu ba sa kaɗa ƙararrawa a kan batir. Gwajin minti uku a gaban mai shago ya isa ya raba gardama. Sa batir, saita ƙararrawa ta kaɗa nan da minti biyu, ka zare filogi daga soket, ka jira. Idan ta kaɗa, ka biya. Idan shiru, ka san abin da ka saya, domin wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ɓangaren rediyon ma na da nasa tarko. A matsakaicin zango, tashoshin Afirka da Turai na jere ne da tazarar 9, na Amurka kuma da tazarar 10. Rediyo mai lambobi da aka ƙera domin Amurka zai tsallaka daga 590 zuwa 600, ya bar Rediyon Najeriya Kaduna da ke kan 594 a tsakiya, haka kuma ba zai sauka daidai kan 729 ta Rediyon Kano ba. Za ka ji tashar, amma da shaƙaƙƙiyar murya. Wasu na da makunnin zaɓar 9 ko 10, sai a duba. Na Japan kuwa zangon FM ɗinsu na farawa daga 76, wasunsu su tsaya a 90, wasu a 95, don haka mai son Freedom Rediyo a kan 99.5 ba zai same ta a irin waɗannan ba. Sannan yawancin agogon rediyo AM da FM kaɗai gare su. Mai sauraron sassan Hausa na BBC ko RFI a gajeren zango ya tabbatar ya ga SW a jiki kafin ya zaro kuɗi.

Kada kuma a biya ƙarin kuɗi saboda an ce agogon na saita kansa. Irin waɗannan na karɓar lokaci ne daga tashoshi na musamman, kamar DCF77 da ke kusa da birnin Frankfurt a Jamus, wadda saƙonta ke kai kimanin kilomita 2,000. Tsakanin Frankfurt da Kano ya haura kilomita 4,000. Wasu kuma an tsara su su ƙara awa ɗaya a watan Maris su rage ta a Nuwamba, yadda ake yi a Amurka. Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu duk shekara, saboda haka duk inda ka ga DST, kashe shi.

Saita shi ma ilimi ne

Ko agogo mai kyau na iya makarar da mutum idan an saita shi da gaggawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na safe da yamma. A samfura da dama wani ɗan ɗigon haske ne kawai a gefen lambobi ke bambanta 4:30 na asuba da 4:30 na la'asar. Ga kuma ruɗanin cewa AM na nufin safiya a wajen lokaci, yana kuma nufin matsakaicin zango a wajen rediyo. Idan agogon na da tsarin awa 24, a koma kansa, 04:30 ba ta kama da 16:30.

Na biyu, a zaɓi abin da zai yi tashin da lura. Farkawa da rediyo na da daɗi ga ma'aikacin da ke son ya buɗe ido da labaran safe. Amma ba kowace tasha ke kwana tana aiki ba, kuma ita ma tashar wuta na iya yanke mata. Wanda zai tashi sahur, ko zai kama motar asuba, ko yana da jarrabawa, ya zaɓi ƙararrawa. Idan rediyon aka zaɓa, a tabbatar ba a bar muryar a ƙasa ba bayan sauraron dare. Maɓallin SLEEP na kashe rediyo da kansa bayan mintunan da ka ɗiba masa. Na SNOOZE kuwa jinkiri yake bayarwa, galibi na minti tara, kuma danna shi sau uku ya isa ya raba mutum da jam'in asuba.

Na uku, wurin ajiya. Siririyar wayar da ke reto a baya ita ce eriyar FM, a warware ta a miƙar. Eriyar AM na cikin akwatin, don haka juya akwatin ake yi har murya ta washe. A nisanta shi daga cajar waya da inbata, domin suna sa masa ƙugi. Batirin ko-ta-kwana kuma a sauya shi sau ɗaya a shekara. Wanda ya ɗaura abin da shigowar watan Sha'aban ba zai manta ba.

Ai waya na yin duk wannan

Wannan ita ce hujjar da za a fara kawowa, kuma tana da ƙarfi. Waya na karɓar lokaci daga kamfanin sadarwa, tana da batir, ba ta san wani bugu 50 ko 60 ba. Wajen daidaiton lokaci ta fi agogon da ke lissafi da wuta nesa ba kusa ba.

Amma kowa ya san halin wayarsa. Ita ce fitila, ita ce banki, ita ce talabijin, shi ya sa takan kai dare da ragowar caji kaɗan, wani lokacin ma a shagon mai caji take kwana. Wanda ya ɗauke ta da niyyar saita ƙararrawa kuma, sau nawa yake ajiye ta nan take? Saƙo ɗaya na WhatsApp ya ja bidiyo ɗaya na TikTok, kafin ka ankara sha biyu ta gota. Na'urar da aka ɗora wa tashin mutum ita ce ta hana shi barci da wuri. Agogon rediyo ba ya cin data, ba ya kawo saƙo, tsoho da yaro duk suna iya karanta lambobinsa daga nesa. A ranar da makara ke da tsada, babu laifi a saita duka biyun.

Saura nauyin da ke kan masu sayarwa. Mai shagon da ya san kayansa na 120V da 60Hz ne, ya haɗa wa mutum da taransifoma ya yi shiru a kan batun lokaci, ya sayar masa da rabin kaya a kuɗin cikakke. Ya dace ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan lantarki su ɗauki faɗin gaskiya a kan wannan a matsayin ƙa'idar sana'a, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON kuma ta wayar da kan jama'a a kan ma'anar lambobin da ke bayan kayan da suke saye. Kafin a kai ga haka, mai saye ya kare kansa: ya juya akwatin ya karanta abin da aka rubuta a bayansa, sannan ya zare filogi a gaban mai shago ya ji ko ƙararrawar za ta kaɗa.