Yunwar Jarrabawa Ba Ta Ciki Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa leƙa teburin mai shayi da ƙarfe biyun dare a makon jarrabawa ya san abin da nake nufi. Ɗalibin da ya ci ya ƙoshi bayan isha'i, sai ga shi ya dawo a dafa masa Indomie biyu da ƙwai, ya kora da lemon kwalba. Wannan ba yunwa ba ce, fargaba ce.

Likitoci sun bayyana cewa idan damuwa ta daɗe, jiki kan yawaita sinadarin kotisol, shi kuwa buɗe ciki yake yi, ya sa mutum kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Rashin barci ya zo ya ƙara rura wutar. Ga kuma gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, alhali ɗanɗanon da ke cikin leda biyun nan kaɗai ya cinye kaso mai tsoka.

A ganina, mu da ke karatu a Kudu muna da ƙarin dalili, wato kewar gida. Sau da yawa tuwo da miyar kuka rai ke marmari, da bai samu ba sai ya huce a kan biskit. To, in dai cin ne, gara ka ja abokanka da rana ku nufi Sabo in a Ibadan kake, ko Agege in a Legas, ku ci tuwo ku yi hira da Hausa, ka dawo ka yi barci kafin ka buɗe littafi.