"Wasa Ne" Ba Hujja Ba Ce



Na gaji da karanta labaran da duk ɗan ƙabilar Ibo a cikinsu mai sayar da jabun magani ne, mutumin Kudancin Kaduna kuwa "arne" ne kawai, ko suna ba a ba shi. In ka yi magana sai a ce wasa ne, ko a ce marubuci ba ya tsoron kowa. Ni dai lalaci nake gani, domin zagi ya fi gina mutum a labari sauƙi.

Bahaushe ya san wasa tun kafin a haife mu. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa na tsokanar abokin wasansa. Amma da sharaɗi: an yarda da juna, ana ido da ido, kuma wanda aka tsokana zai rama nan take. Wanda ka ci wa mutunci a littafinka fa, a ina zai rama?

Mun san ciwon abin. A Legas an ɗauki "aboki", kalma mai daɗi, an mayar da ita sunan jahili, kuma ranmu na ɓaci. Sai ga mu muna rubuta "Inyamuri" ko a jikinmu, alhali daga "ba ni ruwa" ta harshen Ibo aka samo ta. Roƙon mai ƙishirwa muka mayar laƙabi.

Wanda yake ganin alƙalami ba ya ƙona gari ya tuna Kaduna a Nuwamba 2002, lokacin gasar sarauniyar kyau. Rubutu ɗaya a jaridar ThisDay, mutum fiye da 200 suka mutu. Alhakin jinin yana wuyan waɗanda suka ɗauki makami, wannan babu ja. Amma rubutun an yi shi ne kamar masu wani addinin ba za su karanta ba, kuma cutar da nake gani a wurinmu ke nan.

Ban ce ku daina suka ba. Ku soki aƙida, ku soki ɗan siyasa, ku saka mugun ɗan kasuwa a labari. Sai dai kafin ka ce Ibo ne, je Sabon Garin Kano ka wuni a shagon wanda aka haifi ubansa a nan. Wataƙila ma ya fi ka iya karin magana.