Injin Gayya Ba Gadon Gidanku Ba Ne

Ƴan uwa masu koyon rubuta manhaja, daga Cadakori har Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo ta Maradi, akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa juna ba kwana-kwana.

Duk wanda ya taɓa sa aikinsa a GitHub ya san ɗan fayil ɗin nan na YAML. Shi ke ba da umarni: da zarar wani ya ƙara layi a buɗaɗɗiyar manhaja, wani inji can ƙasar waje ya harhaɗa ta, ya gwada ta, ya nuna kore ko ja. Kyauta fa! Ga mai tsohuwar kwamfuta, a garin da kuran ke ɗaukewa, wannan babbar ni'ima ce.

To me aka yi da ni'imar? Wasu sun cusa umarnin haƙar kuɗin kirifto cikin fayil ɗin, injin jama'a yana yi musu bauta dare da rana. A Nuwamba 2020 Travis CI ta taƙaita kyautarta. A Afrilu 2021 GitHub ta ce gwajin sabon mai ba da gudummawa ba zai tashi ba sai mai aikin ya amince. A Mayu 2021 GitLab ta fara neman katin banki kafin sabon shiga ya taɓa injinanta na kyauta. Wa ya ji a jikinsa? Ɗalibin Faransa na da kati a aljihu. A ajinku mutum nawa ke da shi? Wake ɗaya ke ɓata gari.

Wani zai ce ai kuɗin Microsoft ne, wadda ta sayi GitHub a 2018, me ya dame mu? Wallahi Microsoft ba ta kwana da yunwa ba. Ƙofa ta rufe, mu aka bari a waje.

Sai masu kwafe-kwafe, su ɗauko fayil ɗin wani su manna ba su karanta ko layi ɗaya ba. A Maris 2025 ɓarayi suka sauya wani kayan aiki mai suna tj-actions/changed-files, wanda ayyuka sama da 23,000 ke amfani da shi, ya riƙa zubar da makullan sirri a rahoton gwaji, inda kowa ke iya gani. Waɗanda suka ɗaure fayil ɗinsu da takamaiman lambar commit (SHA) da suka bincika tun farko sun tsira.

Mafi ban haushi su ne masu kashe gwajin da ya faɗi don alama ta koma kore, a nuna wa malam ko mai ɗaukar aiki. Ganin kitse ake wa rogo. Wanda ya yarda da korenka ya ɗora aikinsa a kai, kansa za ta rushe.

Don Allah, karanta fayil kafin ka manna. Kada ka rubuta makullinka a ciki. In gwaji ya nuna ja, manhajar za ka gyara, ka bar gwajin yadda yake.