Bindigar gado: doka ta ba magada kwana 14, ta rufe musu ƙofar sayarwa

Idan tsohon maharbi ya rasu a Rurum Sabon Gari ta Rano ko wani ƙauyen Kibiya, malamai kan zauna su raba gona da dabbobi da hatsin rumbu, kowa ya ɗauki kasonsa. Abin da ke rataye a bangon ɗakin mamaci shi ne kan gagari raba gado: bindigar toka guda biyu ko uku, wani sa'in da mai baki biyu wadda ya saya da lasisi tun zamanin Gowon. Bindiga ba ta rabuwa gida takwas a ba mata tumuninsu. Dole a yi mata kuɗi, a nemi mai saye.

Daga nan ne magada ke taka doka ba su sani ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda aka yi tun kafin 'yancin kai kuma har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta irin mai baki biyu sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, harba-ka-ruga kuwa tana hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Lasisi na mutum ne, ba ya bin jini. Magaji yana da kwana 14 kacal bayan rasuwa da zai riƙe bindigar ba tare da laifi ba, wato tun ba a yi sadakar arba'in ba wa'adi ya cika. Kuma ba a sayar wa kowa sai dillali mai rajista ko wanda ya nuna takardar izininsa.

A takarda abin ya tsaru. Amma a watan Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin bindiga, yana kafa hujja da yawan makamai a hannun jama'a. Hujjar tana da ƙarfi; wanda ya ga abin da ya samu Zamfara da Katsina ba zai yi masa musu ba. Sai dai idan aka hana mai saye takarda, an ɗaure hannun mai sayarwa ke nan. Bindigar kuma ba ta narkewa don an rufe ofis. Cikin buhu za ta fita da daddare, zuwa hannun wanda ba a rubuta sunansa ko'ina ba.

Amurka, duk da ƙaurin sunanta a harkar bindiga, ta bambanta ɗan kasuwa da mai tara tsofaffin bindigogi don sha'awa. Akwai lasisi na musamman ga masu tara waɗanda suka shekara 50, da sharaɗin rubuta kowace da ta shigo da wadda ta fita a littafi. Littafin nan shi ne abin koyi, ba sakin da suka yi wa makami ba.

Mutanen wannan yanki sun san tsadar rashin shaida. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta masu dawowa gida sallah, da yawansu 'yan Bunkure maƙwabciyar Rano, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin toka a motarsu. Takarda ba lallai ta tsayar da fusatattun mutane ba, amma rajistar da kowane shingen bincike zai iya tabbatarwa da waya tana rage wa mai ƙazafi hujja.

Abin da ya kamata bai fi ƙarfin hukuma ba. A tsawaita kwana 14 ɗin zuwa wata uku. A buɗe rajista a ofishin 'yan sanda na Rano da na Kibiya, dagaci da sarkin baka su shaida mai bindiga, a buga wa ƙirar maƙera lamba tunda ba ta zuwa da ita. Wanda kuma ba ya son ajiyewa, cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ta karɓa ta biya shi, kuɗin su shiga rabon gado.