Mace ko Namiji? Darasin da Karfasa Ta Koya Mini

Lokacin da na je SIWES a wata gonar kifi, na ga asara da idona. An zuba karfasa maza da mata a kwami ɗaya. Kafin a ankara sun hayayyafa, kwamin ya cika da 'yan mitsi-mitsin kifi da ba mai saye. Macen karfasa a baki take riƙe ƙwanta, ba ta cin abinci a lokacin, shi ya sa namiji ya fi ta girma. Maganin da aka koya mana shi ne a cakuɗa homon a abincin 'yan kifi na kusan sati huɗu, su koma maza. Mun haddace awon, mun ci jarrabawa. Amma da na tambayi abin da ke faruwa a jikin kifin, sai aka ce mini, "Kai dai yi yadda aka ce."

Ni fa ban yarda da wannan amsa ba.

A cikin ƙwayoyin halitta akwai wasu ƙananan RNA, tsawonsu kamar haruffa 22 kacal, ana kiransu microRNA. Ba sa gina furotin. Aikinsu su manne wa saƙon da zai gina shi, su rage masa ƙarfi. Gano su ne ya ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024. A kifi, irin waɗanda ke aiki a mahaifar ƙwai sun bambanta da na gwaiwar namiji. Akwai kuma danginsu, piRNA, masu tsaron ƙwayoyin haihuwa. A ɗan kifin gwaji zebrafish, idan aka lalata furotin Ziwi da ke aiki da su, ƙwayoyin haihuwa kan mutu, kifin ya tashi namiji marar haihuwa. Ita ma karfasa, zafin ruwa mai yawa tun tana ƙarama yakan mai da mace namiji.

Wani zai ce, "Ina ruwan ɗan difloma da wannan? Ko na'urar ba mu da ita." Gaskiya ne, amma karatu ba ya buƙatar na'ura. Wanda ya haddace awo kawai, ranar da lissafi ya ƙi, ba ya da abin faɗa wa mai gona.

Ina roƙon malamanmu su ware ko lacca biyu kan wannan. 'Yan ajin baya kuma, ku riƙa tambaya. Mu dai mun kusa fita.