Hoton Sanarwarka Ya Zama Kamar Kan Sarki

Yau maganarmu a kan masu haɗa katin gayyata ne da hotunan sanarwa a waya. Ra'ayina shi ne, duk hoton da ba ya karantuwa sai an ja shi da yatsa biyu, to aikinsa bai kammala ba.

Ka san kan sarki, wannan 'yar takardar da ake mannawa a ambulan a gidan waya? Na farko a duniya ya fito ne a Ingila a watan Mayun 1840. Faɗinsa kamar milimita 19 ne, tsawonsa kamar 22, wato bai wuce gaɓar babban yatsanka ba. Me aka sa a kansa? Kan Sarauniya Biktoriya, sai kalmomi uku da suka nuna aikinsa da kuɗinsa. Shi ya sa ma'aikacin gidan waya kallo ɗaya yake masa ya gane.

To yanzu dubi wayoyin da ke hannun mutanenmu a Horo Birni da ƙauyukan Shagari da Boɗinga. Ƙaramar waya mai madannai, wadda samari ke ce wa rakani-kashi, sikirin ɗinta inci 1.77 ne, kusan milimita 28 a faɗi da 35 a tsawo. Kaɗan ta fi kan sarki. Ɗigon haskenta 128 ne a faɗi, 160 a tsawo. Kai kuma ka haɗa hotonka a Canva mai faɗin ɗigo 1080. In an tura wa mai irin wannan waya ta Bulutut, sai ta matse shi ya ragu fiye da ninki takwas. Ƙananan rubutun nan duk sun zama ƙura. Ko a ƙaramar Android ma, WhatsApp yana rage ingancin hoto kafin ya isa.

Sau da yawa ana kawo mana waya a ce sikirin ya lalace, rubutu ba ya fita. In ka duba, wayar lafiyarta lau, hoton ne aka cusa wa sunayen dangi ashirin da furanni da hoton mota. Abin ba wasa ba ne fa. Dattijo ya ga 3 ya ɗauka 8 ce, ya zo ɗaurin aure bayan an watse. Ko a yi kuskuren lambar asusu, gudummawa ta tafi wajen wani.

Ga abin da za ka yi:

1. Abu huɗu kawai ka sa a hoto: mene ne, yaushe, ƙarfe nawa, a ina.
2. Rubutu ya zama manya kuma mai kauri. Bar salon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe.
3. Baƙi a kan fari, ko fari a kan launi mai duhu. Kada ka ɗora rubutu a kan fuskar mutum ko zanen atamfa.
4. Lambar waya da ta asusu, rubuta su daban a saƙo, yadda za a iya kwafa.
5. In takarda ce mai dogon bayani, tura ta a matsayin fayil, ko ka danna HD da WhatsApp ya kawo a 2023.

Wani zai ce, ai in ba a sa sunan kawu da gwaggo ba za a yi fushi. Gaskiya ne, zumunci ba abin wasa ba ne. Sai ka yi hoto biyu: na farko sanarwa, na biyu jerin sunaye. Ga kuma saƙon murya domin waɗanda ba su karatun boko.

Kafin ka tura, buɗe ma'ajiyar hotunanka ka kalli hoton yana ɗan ƙaraminsa, ba tare da ka taɓa shi ba. In ka karanta rana da wuri a haka, Bismillah, tura. In ba ka iya ba, koma ka rage kaya.

Allah Ya sa mu dace.