Sauya gaɓar ƙugu ta gaba: A fara tambayar likita sau nawa ya yi

Masu tallan asibitocin ƙashi na yawan gabatar da tiyatar sauya gaɓar ƙugu ta gaban cinya tamkar sabuwar fasaha marar illa. Ba sabuwa ba ce, domin likita Robert Judet ya yi aiki da ita a Faransa tun 1947. Gaskiya ne ana ratsawa ta tsakanin tsokoki ba tare da an yanke su ba, kuma majinyaci kan fara takawa da wuri. Sai dai akwai abin da tallan ke ɓoyewa.

Jijiyar da ke kai saƙon taɓi ga fatar gefen cinya tana kusa da wurin yankan. Idan ta taɓu, mutum kan daina jin wurin ko ya riƙa jin ƙuna na tsawon watanni. Ga masu ƙiba kuwa, raunin yana kusa da matsematsi, inda gumi kan hana shi warkewa da wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne karayar ƙashin cinya ana cikin aiki, saboda ta gaba ƙashin yana da wuyar kaiwa. Wannan ya shafe mu kai-tsaye, tunda da yawa daga masu buƙatar tiyatar a Najeriya matasa ne masu sikila, waɗanda cutar ta riga ta raunana musu ƙashi.

Matsalolin sun fi aukuwa a hannun likitan da bai daɗe da fara bin hanyar ba. Don haka kafin iyali su sayar da fili su biya kuɗin aiki, su tambaye shi mutum nawa ya yi wa, kuma nawa ne masu sikila a cikinsu.